Kek ɗin Koren Shayi

Zulaihat ba ta da obin na gashin kek, don haka yashi ta zuba a tukunya, ta jera gwangwanayen madara da ta zuba wa ƙullu a kai, ta rufe, ta ɗora garwashi bisa murfi. Tana cikin fifita wuta sai ta ji tsawa a bayanta.

"Ke! Mi na ga kin barbaɗa cikin ƙullun ga? Wane irin koren gari ne?"

Inna Fanta ce, uwar mijinta. Tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu na bayan Wagini suka tafi da autanta Hamidu, ta dawo Safana gidan babban ɗanta, Malam Jamaluddeen. Ba ta cin abin kirki. Da ta ji ƙarar babur sai ta zabura ta nufi zaure, ta dawo tana share ido. Ta rame, abin tausayi, amma bakin nan nata bai rame ba.

"Inna, kek ne," in ji Zulaihat, ta durƙusa.

"Kek da garin magani? Malam! Fito ka ga abin da ake ba ka!"

Jamaluddeen ya fito a rikice. "Haba Inna, girin ti ne fa, ganyen shayi kawai."

"An riga an shanye ka, mi za ka ce? Daji ya ƙwace mini ɗaya, boka zai ƙwace mini ɗayan! Yau ko ni ko ita!"

Yana son matarsa kamar ransa, amma bai taɓa musa wa uwarsa ba. Zulaihat na zubar da hawaye. Can ta ce a hankali, "Inna, ki yi mini izini in sauke. In ya daɗe cikinsa zai daskare."

"Sauke! In tona asirinki a gabansa!"

Zulaihat ta kife gwangwani ɗaya a faranti. Inna ta fizgi cokali ta tsaga kek ɗin, sai ga koren ruwa mai kauri ya malalo yana tururi.

"Ka gani? A ciki ta ɓoye sh—"

Maganar ta tsaya mata. Ƙamshin ya daki hancinta. Ta waiga zaure kamar wani ya yi sallama. Babu kowa.

"Wannan... ƙamshin shayin Hamidu ne."

"Nasa ne, Inna," Zulaihat ta faɗa cikin kuka. "Ragowar ganyen da ya bari ranar da ya kawo mana nono. Shi na daka na tankaɗe. Ba don Malam na yi ba, don ke na yi. Na sa ƙwai da man shanu, na bar cikin da laushi yadda zai wuce miki. Na ce ko ƙamshinsa zai sa ki ci. Tsoro nake ji ya dawo ya tarar ba kya nan."

Inna ta sulale ta zauna a ƙasa. Ta ɗebi koren ruwan ta kai baki, ta haɗiye da kyar, ta ƙara wani, hawaye na ɗiga a farantin.

"Kowa ya daina zancen dawowarsa," ta ce, "ashe ke ba ki daina ba. Yafe mini, ɗiyata. Kai kuma, ranar da ka saki yarinyar ga, ni ka saka."

Har yau babu labarin Hamidu. Amma Inna na cin abinci, kuma daga hannun Zulaihat kaɗai take karɓa.

'Yan uwana mata, ba kowane faɗan uwar miji ne ƙiyayya ba, wani ciwo ne ke magana. Da Zulaihat ta rama, da ta rasa miji, da Inna ta rasa mai jiran ɗanta tare da ita.