Wadda Ta Goge Risalar Fiddausi Ran Suna

Kwana biyu bayan suna, da hantsi, Fiddausi ta buɗe kwamfutarta ta kurma ihu har jaririn ya farka. Risalarta ta majistir, wato kundin digirinta na biyu, aikin shekara uku, babu ita. Inda take sai wasu 'yan gumaka, alamomin nan na kan allo, birjik, a taɓa su ba sa buɗewa. Saura kwana goma sha biyu ta miƙa wa malaminta. In ta wuce, a yanke mata tallafin karatu, a ƙi sabunta mata izinin zama.

Ni Rabi'atu, uwarta, wankan jego ya kawo ni Alƙahira daga Gusau. Ƙawarta Nana Fatima, da suke aji ɗaya, tana leƙa allon sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi, bairos ne! Mama, ba ke kike jona wayarki a jiki ki yi caji ba?"

Mijin Fiddausi, Malam Al'amin, ya cafe zancen a gaban matan da suka zo barka. "Ma'alish, a yi haƙuri Hajiya, amma sau nawa na ce a daina jona wayar nan?"

Ni da furfurata aka tsayar kamar ɓarauniya. Ban bari maganar ta huce ba. Na yafa mayafi, na hau mikrobas daga Hayyin Ashir zuwa Arba wa Nus, na ɗauko Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai gyaran kwamfuta. Ita ta gyara wa Fiddausi injin bara.

Mahasin ba ta da yawan gaisuwa. Ta zauna ta yi ta danne-danne, sannan ta ɗago ta ce kar kowa ya fita. Da ni ta fara.

"Hajja, kin iya boko?"

"Ko sunana ban iya rubutawa ba."

"Kin san kalmar sirrin injin nan?"

"Mece ce kuma haka?"

"Khalas, shi ke nan, kin fita zargi." Ta juya ga sauran. "Injin nan yana rubuta lokacin da aka buɗe shi. Ran Laraba, ran suna, ƙarfe biyu da minti goma, an buɗe shi da kalmar sirri, an jona filash, an goge risalar. Su wa suka san kalmar?"

Fiddausi ta ce ita, da maigidanta, da Nana. Ita kam a lokacin tana falo ana zana mata lalle, mata goma shaida ne.

"Ustaz, kai fa?"

Malam ya murtuke. "Ni ake tuhuma a gidana?"

"Tambaya nake."

"Ina wurin mahauci ni da maƙwabcinmu Iliya, muna jiran a feɗe ragon suna. Wa zai bar ka ka yi yanka a hawa na biyar?"

Wannan gaskiya ce, ko ina jin haushinsa. Sai bayan la'asar naman ya iso, ni na yi ta mita a kai.

Saura Nana. Ta gyara hijabi ta ce, "Na shiga ɗakin, ban musa ba. Azahar na yi. Wallahi ban taɓa kwamfutar ba. Yanzu ke ba ki ga bairos ɗin a allo ba? Wane ɗalibi ne a garin nan bai taɓa cinye masa aiki ba?"

"Na gan shi," in ji Mahasin. "Na shagunan buga takardu ne, kullum ina cire shi. Amma na Windos ne. Injin nan Linuks na saka masa, saboda ya tsufa."

Na ce ta yi min Hausa, ni aka ɓata wa suna.

"Hajja, ɗan sane ina yake zuwa, jirgin metro da ya cika maƙil ko motar da ke da mutum uku?"

"Inda aka cika mana."

"Tamam, haka ne. Kusan kowa a duniya Windos yake da shi, to masu ƙera bairos a kansa suke ɓata lokacinsu. Ga na ɗalibanmu duk kwafin sata ne na bakin titi, ba a sabunta shi, kuma ƙofa a buɗe yake barin ta, abu ya shigo ya yi yadda ya ga dama. Linuks mutanensa kaɗan ne, kuma ba ya barin a taɓa cikinsa sai an ba shi kalmar sirri. Ban ce ba ya kamuwa ba. Amma bairos ɗin Windos in ya shigo nan gawa ne, ko motsi ba ya yi. Bai iya goge ko layi ɗaya ba. Da hannu aka goge risalar, da hannu aka kwaso waɗannan gumakan daga filash mai ciwo aka zuba, don a ce shi ne."

Nana ta ce, "To ai wayar Mama ma tana iya..."

"Dakata. Shi wannan bairos, sunayen abin da ya tarar a filash yake ara ya saka wa gumakansa. An bi su an canza musu suna, babi na ɗaya, babi na biyu. An manta guda." Ta karanta da ƙarfi: "Hotunan bikin Yaya Hussain. Fiddausi, kina da wa Hussain?"

Ni na amsa. "Ni na haife ta. Ba ni da Hussain."

Fiddausi ta zuba wa ƙawarta ido. "Nana, ba yayanki Hussain ba ne aka yi bikinsa a Zariya bara?"

Na fizge jakar Nana na zazzage a kan kafet, ban nemi izinin kowa ba. Filash ya faɗo. Mahasin ta jona, ga risalar cif, har an cire sunan 'yata a shafin farko an saka na Nana. Nan Nana ta fashe da kuka. Wai sau biyu ana dawo mata da nata aikin, ta gaji, gida za ta koma ta kai wa wata jami'a, ta goge ta nan don kar biyu su haɗu.

Na ce, "Kin yi salla a dardumarta, kin tashi kin yanke ta, kin zauna kin ci naman sunan ɗanta, sannan kika laƙa min. Fita!"

Fiddausi ta miƙa risalarta saura kwana huɗu. Shugabannin ƙungiyar ɗalibai sun zo wai a rufa asiri, Nana 'yar mutane ce. Ni 'yar dabbobi ce? Na ce sai an karanta abin da ta yi a taronsu, shi ya sa na sa aka rubuta wannan.

Malam kuma ya same ni a kicin yana sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa, wai in yafe. Na ce masa ban ji ba. Ran da za a yi arba'in matan nan duk za su dawo. Sharaɗina, ran nan ya tsaya a tsakiyar falo ya faɗa da irin muryar da ya yi min faɗa, sannan in duba ko zan ji.