Bututun da Ya Ɗau Zafi

An kashe wutar kwal da ƙazamin ruwa, tururin ya kashe Lamont Teague.

Direban tarago ne a masana'antar gasa kwal da ke bakin kogin Ohio. In kwal ya fito daga tanda jajawur, shi ke kai shi ƙarƙashin hasumiya a sheƙa masa ruwan kogi ya huce. Ranar Alhamis da hantsi aka same shi kife a kujerarsa. Kamfani ya ce bugun zuciya ne.

Sufeto Hruska ya fara da matar mamacin, Renita.

"Zuciyar uban wa?" ta ce. "Asma gare shi, kowa ya sani. Tun Litinin kayansa ke zarnin fitsari, har na daina haɗa su da na yara."

Hruska ya san zarnin. Mahaifinsa ya yi shekara talatin a bakin tandar nan, da tari ya mutu. Zarnin ruwan dagwalon wanke hayaƙi ne, wanda doka ta hana a zuba wa kwal.

A gindin hasumiya ya tarar da wani tsohon ma'aikaci, Odell, yana shan lemo yana yatsina fuska.

"A kan bututun nan muke jera gwangwanayen lemonmu su yi sanyi, ɗan sanda. Ruwan kogi sanyi gare shi. Taɓa ka ji."

Hruska ya ɗora hannu. Da zafi.

"Tun yaushe?"

"Litinin. Dukanmu lemonmu ya koma kamar shayi, ban da na oga. Shi da akwatin ƙanƙararsa ya zo tun da safen ranar."

Ogan, Gary Sabol, yana ofis. Ya turo takarda.

"Ruwan kogi ne, ga shi a rubuce."

"Shekara nawa kana sa lemonka a bututu?"

"Ashirin da biyu. Laifi ne?"

Hruska ya sa ƙafa ya jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur.

"Wa ya faɗa maka bututu zai yi zafi ranar Litinin, tun kafin ya yi?"

Sabol ya kalli akwatin.

"Injin tace dagwalo ya lalace, tanki ya cika. Ka san ba a kashe tanda. In ta huce bulo ya tsage, mutum ɗari huɗu sun zauna a gida. Sai na juya famfo, dagwalon ya bi bututun hasumiya da zafinsa. Kwana biyar kawai nake nema."

"Ka san yana da asma?"

"Ni na kai shi asibiti bara."

"Lemonka ka tuna da shi. Mutumin da ke zaune cikin tururin fa?"

Hruska ya buga wa Sabol ankwa, ya ƙi bi da shi ta ƙofar baya. Ta gaban tanda ya ratsa da shi, ma'aikata na kallo.

Alƙali ya ba Sabol shekara tara. Tanda ba ta tsaya ko na awa ɗaya ba. Lamont ya mutu yana da shekara arba'in da huɗu, ya bar 'ya'ya uku.