Akwatunan da Aka Binne a Gindin Suri

Itacen da suka gitta a hanya ba babba ba ne, amma ya isa. Wata mota ta taso daga Dungas za ta Magarya, rana tsaka, shofer ya taka birki har ta karkace. Kafin ta tsaya daidai, Ɗanasabe ya fito daga cikin sabara da bindigar kalashi a hannu. Shi ne ogan tawagar. Yasin da ƙanensa Laminu suka ɓullo ta dama, Zakariya'u ya tare baya da babur.

"Kowa ƙasa! Fuska a rairayi!"

Shofer ɗin, Jibo, ya kai hannu zai sa giyar baya. Tau! Gilashi ya tarwatse, Jibo ya kife kan sitiyari, oda ta kama kuka ba tsayawa. Yasin ya finciko shi waje kamar buhu, ya yar a bakin hanya.

Wata dattijuwa ce a kujerar gaba, jini ya fantsamar mata a mayafi. Hajiya Ummul Khairi, wadda ta yi shekaru tana sayar da magani a farmasi a Magarya. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙa jakarta da warwaronta, ta ce su ɗauka, su bar mata akwatunan da ke baya, takarda ce a ciki ba komai ba.

Ɗanasabe ya yi dariya ya buga mata gindin bindiga a kafaɗa. Ya ce shi an ba shi labari tun daga Kano, kayan tagulla ne da Turawa ke rububi, za ta kai su nuni Yamai. Wa zai yi wa takarda akwatin katako da ƙusa?

Akwati uku ne. Suka ɗaure su a bayan babura suka yanki daji.

Tawagar Ɗanasabe tana da doka, kuma dokar ce ta hana a taɓa kama su. Ba a shiga gari da kayan da aka ƙwato. Ba a buɗe su. A binne a daji har jandarmomi su gaji da yawo, ranar da mai saye ya zo a tono a buɗe a gaban kowa. Wanda aka ba binnewa shi ne mai gadi, in wani abu ya ɓace da wuyansa zai biya. A wannan karon Laminu aka ba.

Yasin ya so ya karɓar masa. Ɗanasabe ya ce a'a, ƙaninka ya daɗe yana kukan zai bar aiki ya koma noma a Danciyawo, to ya yi wannan gadin, in kaya suka fito lafiya ya tafi, ba wanda zai bi shi.

Laminu ya zaɓi wuri da hankalinsa. Damina ta sauka, fadama duk ruwa, kuma ya taɓa ganin yadda tsatsa ta cinye musu bindigogi da aka binne a kwari. Sai ya nemi tudu. A yamma da Guci ya samu wani babban suri, ƙasar gindinsa busasshiya, ga shi alama ce da ba ta ɓata. Ya yi rami mai zurfi ya jera akwatunan ya rufe, ya ja ƙaya a kai.

A birgad, ofishin jandarmomi na Magarya, Hajiya na zaune da hannu a ɗaure a wuya. Ajudan Mahamadu, babban jandarman wurin, ya sake tambayarta abin da ke cikin akwatunan, don amsar farko ba ta shige shi ba.

Ta yi masa bayani a hankali. Akwai matasa da mata a Mallawa da Damagaram da wasu garuruwa masu jiƙa karan gero da tsumman auduga, su daka a turmi har ya zama kamar kunu, su zuba a mazubi, ya bushe ya fito da siffa. Fuskar tsohuwa, ƙofar zaure, kan bijimi. Wasu a rina da bagaruwa har ka rantse tagulla ce. Ita tana saye tana tarawa tun ana mata dariya. Guda a ciki aikin wata Kulu ce, wadda ta rasu wajen haihuwa, ba ta bar wani ba.

"An kashe mutum a kan takarda, Hajiya?"

"An kashe Jibo a kan jahilci, ranka ya daɗe. Ka sa a faɗa a radiyo. Su ɗaga kayan daga ƙasa, ko da ba za su mayar mini ba."

An faɗa. Su Ɗanasabe suna zaune a rumfar mai shayi a wani ƙauye kusa da iyaka sa'ad da sanarwar ta fito. Oga ya tafa hannu, ya ce ajudan ya raina musu wayo, so yake su je su tono a kama su da kaya a hannu. Yasin ya yi dariya tare da shi. Laminu bai yi ba. Kofin shayi ya yi sanyi a hannunsa. Ya san abin da ke zaune cikin suri, kowane ɗan ƙauye ya sani.

Da suka keɓe ya roƙi wansa. Ya ce Yaya, bari in je in matsar da su kawai, ba zan buɗe ba. Yasin ya kama masa wuyan riga ya ce in Oga ya ga sabuwar ƙasa a ramin nan, ba zai tsaya jin bayani ba. Ya ce masa ya zauna ya yi addu'a Allah ya sa tagulla ce.

Zakariya'u na bayan bango yana jin su. Shi ya yarda da radiyo. Ya lissafa a ransa: ba rabo, ga gawa a wuyansu. Washegari ya ce zai je gyaran babur, ya ari salula a kasuwa ya kira birgad, ya ce in za a yi masa afuwa zai sanar da su ranar da za a tono kayan.

Sai da gero ya kai gwiwa mai saye ya ƙetaro, wani Alhaji mai baƙin tabarau da bai faɗi sunansa ba. Da hantsi suka haɗu a gindin surin. Laminu ya yi tono. Akwatin farko ya taso da sauƙi, gindinsa ya zube tun kafin a ɗora shi a bakin ramin.

Jar ƙasa ce ta zubo, da gara fari fat tana gudu. Ɗanasabe ya fasa na biyu da ƙafa. Haka. A na uku akwai rabin wata fuska, ido ɗaya da kunci, ya ɗaga ta, ta murmushe a tafinsa.

Alhajin ya juya ya nufi motarsa.

Ɗanasabe ya dubi Laminu. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ina tagullata, ɗan gari?"

"Oga, wallahi takarda ce. Gara ce ta ci. Ga ta nan kana gani."

"Gara ce ta sayar da kayana ta cika mini akwati da ƙasa? Durƙusa."

Laminu ya durƙusa a bakin ramin da ya tona. Ɗanasabe ya ɗana kalashi. Yasin ya ce Oga, ɗan uwata ne — Ɗanasabe bai ko waiwaya ba.

Tau! Tau!

Yasin ne ya riga shi. Harsashi ya shiga haƙarƙarin Oga ya juya shi, amma yatsansa na kan kunamar bindiga. Kalashi ya yi ta zuba. Ya yanke Yasin daga ciki zuwa ƙirji, ya fasa cinyar Laminu, ya farfashe saman surin. Zakariya'u ya riga ya kwanta ya ɗaga hannu sama, yana ihun shi ne ya kira, kada a harbe shi.

Motocin jandarmomi biyu suka keto gonar. Ba su samu wanda za su harba ba.

Laminu ya ja jiki zuwa wurin wansa. Yasin na neman numfashi, kumfar jini a bakinsa. Ya motsa leɓe, Laminu ya kara kunne, ba abin da ya fito har ya cika. Wani jandarma ya taka wa Laminu baya ya murɗe hannayensa ya sa ankwa.

Jibo ya bar mata da 'ya'ya ƙanana a Dungas. Ɗanasabe ya cika a bayan mota kafin a kai kwalta, ba wanda ya zo karɓar gawarsa. Zakariya'u bai samu afuwar da ya yi tsammani ba. Likita a Magarya ya yanke ƙafar Laminu daga gwiwa.

Hajiya ta zo asibitin sau ɗaya. Ta tsaya bakin gadon, ankwa ta haɗa hannunsa da ƙarfen gadon. Ta ce abu guda take son ji: duk faɗin dajin nan, me ya kai shi gindin suri?

Laminu ya juyo ya dube ta.

"Tsoro na ji kada ruwa ya lalata su, Hajiya."

Ta gyara mayafinta ta fita. Da la'asar aka zo da motar gidan kaso, mutum biyu suka ɗauke shi suka saka a baya.