Layin Bakin Ƙofa

Ku yi mini afuwa tun daga farko. Ni karatu na iya, ban taɓa rubuta labari ba sai yau. In kun ga kuskure, ku gyara mini a hankali.

Ranar da Mai Sola ya fara ganin Auta, yana kan tsani, yana ɗaura farantan sola a gefen sabuwar rumfar leda da babanta ya kafa don noman tumatir. Ita tana ƙasa da tire cike da dashe. Ya roƙe ta ta miƙo masa sifana, sai ta miƙo filaya. Ya karɓa ya yi godiya, can da ta juya baya ya sauko ya ɗauki sifanarsa da kansa.

Aiki ya yi kyau. Rana ta tayar da injin ruwa, ruwan ya bi siraran tiyo yana ɗiga a gindin kowace shuka, fankoki suna kore zafi. Baba ya huta da sayen mai.

Aiki dai ya ƙare, amma zuwan Mai Sola bai ƙare ba. Yau batir zai duba, gobe farantai zai goge. Mama ta ce ita ba ta taɓa ganin batir mai yawan laulayi irin nasu ba.

Iyakarsa bakin ƙofa, don Baba ya hana shiga rumfa da takalmin waje. Nan Auta ke tsayawa kowace safiya, gefen layin farko, kai a sunkuye. Duk sanda ya faɗi abin da ya ba ta kunya, sai ta kama igiyar da tumatir ke hawa, ta ja ta saki, layin duka ya girgiza.

Ran da bai zo ba ya turo saƙo: "Hajiyar tumatir, yau rana ta cika batir ɗin kowa ban da nawa, don ban gan ki ba."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Injiniya, naka ne ya tsufa. Ka zo gobe da safe, ina rumfa."

Tsabar son ya burge ta, sai ya bi duk wata kafa ta rumfar ya toshe da raga mai ƙananan ido, kada ko ƙwaro ɗaya ya shiga. Fankokin ma ya tuɓe takalmi ya shiga ya ɗaga kansu sama, wai kada iska ta wahalar da shukarta.

Shuka ta yi kore shar, ta yi fure. Sai furen ya fara zubewa, ba ɗa ko ɗaya. Baba ya ƙara taki, ya rage ruwa, ya ƙara ruwa, shiru.

Akwai wani mai sayar da taki da ya daɗe yana kai gaisuwa gidan saboda Auta. Shi ya zauna da Baba ya ce masa ai wutar sola ce ke busar da fure, kowa ya sani. Baba kuwa duk ƙarfinsa na bana a rumfar nan ya zuba. Don haka da kawun Mai Sola ya zo neman izini, Baba ya ce wanda ya kashe masa gona ba zai ba shi 'ya ba, kuma kada ya sake taka masa wuri.

Auta ba ta san an yi haka ba. Ta ga Mai Sola ya ɗauke ƙafa, ta yi ta jira, daga bisani ta rubuta: "Ashe soyayyar taka irin ta sola ce, hadari na tasowa sai ta ɗauke?"

Amsa ta zo nan take: "Baba ne ya hana ni zuwa, kuma ba zan tsallake maganarsa ba. Amma ina nan inda kika bar ni, Auta, ko shekara nawa ne."

Ta karanta, ta share hawaye da bakin mayafi, ta ci gaba da cire ciyawa.

Wata safiya Baba ya shiga rumfa da Mama, yana shawarar tuge shukar duka. Suna fitowa ya ɗaga ganyen layin bakin ƙofa, sai ga ɗanyen tumatir reto-reto tun daga farkon layi har ƙarshe. Ruwa ɗaya, taki ɗaya, sola ɗaya. Ya kira Auta ya tambaye ta me ta zuba wa layin nan. Ta rantse ba ta zuba komai ba.

Mama ta rufe baki tana dariya. "Malam, ai nan take tsayawa tana jan igiya duk ran da batir ya tashi da ciwo."

Baba ya kama igiyar ya ja, ya ga fure na kaɗawa. Tun yana yaro a fili yake noma, inda iska da ƙudan zuma ke girgiza fure har ya ɗauki ɗa, ba wanda ya taɓa roƙonsu. A nan kuwa an rufe musu ƙofa duka biyun.

Ya aika aka kira Mai Sola. Ya zo ya durƙusa, ya faɗi batun raga da fankoki bai ɓoye komai ba.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Kai ka toshe, ni na manta, laifin namu ne mu biyu. Ka sauke fankokin nan, ka ce wa kawunka ina jiransa."

Daga ranar, kowane hantsi Auta kan bi layi-layi da siririyar sanda tana ƙwanƙwasa igiyoyi. Mai taki ya zo sau ɗaya, ya leƙa rumfa, ya ce yana sauri.

Tumatir na nuna aka ɗaura aure. Baba ya dafa kan amarya da ango ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su haƙuri da juna, Ya sa abin da suka shuka ya ciyar da su da wasu. Mama ta ce amin tana kuka tana dariya.

Ni ma mai ba ku labarin nan ina can bayan mutane na ce amin a hankali. Da na ga hankalin kowa na kan amarya, sai na ɗauki takalmana na sulale.