Shafukan da Inna Ta Yage

"Inna! Wa ya yage mini ƙarshen littafi?"

Tsahara ta fito tsakar gida da kayan lakwal, ko tuɓewa ba ta yi ba daga makaranta, ido jajur. Littafin soyayya ne daga Sakkwato. Saurayi na kwance da tarin fuka, budurwa ta ɗauki moɗarsa ta sha don duniya ta shaida. Daga nan babu sauran shafi.

"Na hura wuta da shi," in ji Inna Delu tana tankaɗe. "Ya ci da kyau."

Kukan ba na takarda kaɗai ba ne. Munkaila, wanda aka yi musu baiko, ya dawo daga cin rani a Abijan da irin tarin nan. Mahaifinta Baba Abarshi kuwa ya ce in bai warke ba kafin a yanke gero, za a mai da kaya.

Ran kasuwa ta bi motar Tajaye, ƙauyen su Munkaila. Ta iske shi a bukka bayan gida, ya zama ƙashi da rai. An ɗaura wa moɗarsa jan zare don kada kowa ya taɓa. Ta ɗauka za ta kai baki.

"Ke! Aje!" Ya fizge, tari ya sarƙe shi. "Mi kike yi?"

"A littafi haka ta yi..."

"Ita marubuci zai warkar da ita. Ke hwa? Majo, malamin asibiti, ya ce allura sittin, kullum a likitar garinku Illela. Masauki na rasa, Tsahara. Kowa tsoro yake."

Ta koma ta durƙusa gaban Baba, ta roƙi a ba shi masauki a gidansu.

"Ɗiyata, kabari za ki kawo mini gida?"

Kwana uku tana kuka, har Inna ta ce, "Malam, rumfar bayan rumbu dai awaki ma sun ƙi ta."

Nan aka aje shi. Kullum Tsahara ta dama kunu, ta tafasa moɗa, ta tsaya daga nesa. Ƙawaye suka ƙaurace mata. Aka yanke gero yana tari, allura kuma ta tafi da jin kunnensa guda.

"A jira wata kaka," in ji Baba. Daga bakinsa, wannan rahama ce.

Sai ranar ɗaurin aure Inna ta ce, "Na sa Shatu ɗiyar maƙwabta ta karanta mini shafukan nan. Su biyun suka mutu."

'Yan mata, shan moɗa minti guda ne. Tafasa ta shekara guda, ita ce soyayya.