Direban da Ya Ƙi Kashe Inji

A wani zamani, a wani gari, an yi wani direba mai tsohuwar mota guda ɗaya. Da ita yake ciyar da gidansa. Batirinta ya mutu, in an kashe ta sai an tura, shi kuwa ya tsani roƙon maƙwabta.

Ran nan ya ga murfin injin ya yi tsatsa, sai ya sayo fentin feshi. Ya tsaya a ƙofar gida, ya buɗe gaban mota, inji yana ta ruri.

Wansa ya ce, "Kai, kashe ta. Kwance murfin, ka fesa shi can gefe."

Ya ce, "Yaya, in na kashe, wa zai tura?"

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, kashe ta ta huce mana."

Ya ce, "In na kashe, ke za ki tura?"

Ya fesa. Feshin ya sauka kan ƙarfe mai zafi, wuta ta kama. Aka kawo ruwa, aka kawo ƙasa, ba ta mutu ba sai da ta cinye motar ƙurmus.

Washegari ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ƙaramar 'yarsa ta ce, "Baba, yau ba za ka fita ba?"

Ya juya ya dubi ƙonanniyar motar a ƙofar gida.