Ɓarawon Da Bai Iya Sata Ba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tana zaune bayan injin yankan makulli a shagon babanta. Rana ta ratso tsakanin makullan da ke rataye, garin ƙarfe yana yawo cikin hasken kamar zinariya.

Su uku suka shigo. Na gaba ɗan gajere ne mai surutu, Darakta suke ce masa, ko da yake aski ne sana'arsa. Na biyu Ƙato, wanda sai da ya karkace kafin ƙofar ta karɓe shi. Na ukun ya tsaya yana kallon makullan suna lilo, kamar ya manta abin da ya kawo shi. Shi ne Gajimare, mai gyaran fanka, wanda kullum hankalinsa a sama yake.

Darakta ya ce kwaɗo suke nema, amma irin wanda zai buɗe ba makulli. Baba, Allah ya jiƙansa, ya sauke tabarau ya ƙare musu kallo. Nan suka hau rantse-rantse cewa fim suke haɗawa da wayar hannu, labarin wasu abokai da suka ƙudiri sata amma ba su iya ba. Baba ya ce shi kwaɗon da ke rufuwa yake sayarwa, ya sa takalmi ya fita.

Auta ce ta tono musu wani tsoho a akwatin lalatattu, wanda ko tari ka yi kusa da shi sai ya buɗe. Ta miƙa wa Gajimare. Ya ja, ya murɗa, ya jijjiga, har gumi ya keto masa.

"Malam, ai a buɗe yake," ta ce.

Ya ɗago ya kalle ta.

"Tun da na shigo nan idona bai ƙara ganin komai daidai ba," ya ce a hankali.

Daga ranar makullin shagonsa ya shiga ɓata. Yau ya ɓata, jibi ya ɓata, kullum Auta na yanka masa sabo tana ɓoye murmushi. Yakan tsaya ya ba ta labarin fim ɗin, yadda suka sha wahala suka saci firji, sai da suka kai shi gida suka gane na Ƙato ne da ya kai gyara. Tun rasuwar Mama ba ta yi dariya irin ta lokacin ba. In ya tafi, sai ta riƙa ganin kanta a wani ɗan ɗaki mai farin labule, fanka na juyawa a hankali, shi kuma yana zaune yana kallon tagar.

Wata rana da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Makullina, yau Darakta ya aiki Ƙato ya kawo kwaɗo, ya dawo da mai tsalle a cikin gwangwani. Mun sa shi a fim ɗin, ya fi mu iyawa. Ina kewarki."

Ta mayar masa:

"Ɓarawona, ka gaishe min da kwaɗon. Kuma don Allah kar ka hau katangar fim ɗin nan da silifas."

Katangar ce kuwa ta jawo. Akwai mai sayar da taya a kusa da shagon, ya daɗe yana son Auta ba ta kula shi ba. Shi ya ɗauki hoton Gajimare a waya yana tsallaka katangar wani gida, fuska rufe da safa, ya kai wa Baba yana ta jimami kamar abin ya dame shi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya kira Auta ya nuna mata, ya ce:

"Tsawon rayuwata ina rufe wa mutane ƙofa saboda irinsu, sai kuma in buɗe wa ɗaya tawa? Ba zan ba shi ke ba."

Ta ce fim ne. Ya ce wanda ya iya kwaikwayon abu, rabin hanyarsa ya kai.

Auta ta daina amsa waya. Ba ta iya saɓa wa Baba, su biyu kaɗai suka rage wa juna. Tana yanka makulli tana ɓatawa. Saƙonni suka taru, na ƙarshen ya ce:

"Ban san laifina ba, Makullina. In safar ce, na jefar da ita. In ni ne, ki faɗa min inda zan gyara."

Ranar ta durƙusa gaban Baba ta roƙe shi abu ɗaya, ya kalli fim ɗin har ƙarshe, duk abin da ya yanke bayan nan za ta bi.

Darakta ya ɗauko talabijin ɗin shagon aski a kai. Aka sauke ƙofar shago rabi. Baba ya zauna ya harɗe hannu, Gajimare ya rakuɓe a lungu kamar mai jiran hukunci.

Ga katangar ta fito. Gajimare ya hau, ya kasa sauka, ya zauna a sama yana kallon tsuntsaye, alhali ƙofar gidan a buɗe take, har wata akuya ta shige abinta. Can Ƙato ya maƙale a taga, rabi ciki rabi waje. Aka ji motsin mai gida, Darakta ya ranta a na kare. Gajimare ma ya ruga, sai kuma ya tsaya, ya dawo, ya tsuguna ya riƙe hannun Ƙato yana ba shi haƙuri. Da mai gidan ya fito, sai ya cire safar ya gaishe shi, har da tambayar iyali.

Baba ya tambaya ko haka aka tsara. Darakta ya ce ina, Gajimare ɓata masa aiki ya yi, Ƙato da gaske ya maƙale, ga caji ya ƙare babu halin sakewa.

Auta ta zuba wa Baba ido. Sai ta ga kafaɗunsa suna rawa.

"Wannan ko makullin gidan aka damƙa masa, sai ya tsaya yin sallama," ya ce yana share ido. Ya juya wajen Gajimare. "Kai, tashi daga nan. Ka ce wa iyayenka ina jiransu."

Darakta ne ya ɗauki bikin a waya, kyauta, Ƙato na taya shi riƙewa. Rabin hoton silin ne, rabi kuma yatsan Ƙato. Ba a ga fuskar amarya sosai ba, ango ma ƙeyarsa kawai ta fito. Lokacin da Baba ya haɗa hannunsu, wayar tana kallon ƙasa, takalman mutane kaɗai ta ɗauka. Amma muryarsa ta fito tar:

"Ga ta nan, ɗana, ita kaɗai gare ni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa kuna dariya. Allah ya yi muku albarka."

Har yau Auta takan kunna wurin, mijinta na gefenta. Su bar shi ya kai ƙarshe, su ce amin tare.